SSD mai gudun 7,000 da mai 560: me ya sa kwamfutar gida ba ta jin bambancin?

A jikin kwalin kowane SSD, ma'ajiyar bayanan kwamfuta da ba ta da faifai mai juyawa, akwai lamba ɗaya da ake bugawa da manyan haruffa, wato yawan megabait ɗin da yake iya karantawa a cikin sakan guda. Wanda ke bin SATA, tsohuwar hanyar haɗa ma'ajiya da kwamfuta, irin Samsung 870 EVO ko Crucial MX500, iyakarsa 560. Na NVMe, sabon tsarin da ke bin hanyar PCIe mai faɗi, a zamanin PCIe 3.0 yakan taɓa 3,500, na PCIe 4.0 irin Samsung 990 Pro ya kai 7,450, sannan Crucial T705 na PCIe 5.0 da ya fito a 2024 ya zo da 14,500. Duk wanda ya jera lambobin nan zai ɗauka na ƙarshen zai sa kwamfuta ta fi ta mai SATA sauri ninki ashirin da biyar. Sai a cire wancan a saka wannan, a kunna, a tarar Windows ta tashi kusan a lokacin da ta saba tashi, burauza ta buɗe yadda take buɗewa jiya, wasan da ake jira ya loda ya rage sakan ɗaya ko biyu. Mai kwamfuta ya koma ya sake gwajin sauri don ya tabbatar ba a cuce shi ba, manhajar gwajin kuma ta nuna masa lambar da ke kan kwali daidai wa daida.

Ba wanda ya yi ƙarya a nan. Lambar gaskiya ce, abin da mutumin ya ji a hannunsa ma gaskiya ne. Matsalar ita ce lambar tana auna wani irin aiki da kwamfutar gida ba ta cika yi ba.

Manhajar da aka fi gani a hotunan sakamakon gwaji ita ce CrystalDiskMark, wadda wani mai rubuta manhaja ɗan Japan ya ƙirƙira kuma ake samunta kyauta. A saitinta na asali tana fitar da layuka huɗu, kowanne da lambar karatu da ta rubutu. Na sama an rubuta masa SEQ1M Q8T1. Ma'anarsa ana karanta bayanai a jere, manyan gunduwoyi na megabait ɗaiɗai, kuma a kowane lokaci akwai umarni takwas da ke jira a layi. Wannan shi ne layin da ke daidai da abin da ke kan kwali, shi ne kuma wanda mutane ke ɗaukar hotonsa suna yaɗawa. Na ƙasa can, wanda ido ba ya kaiwa gare shi saboda lambarsa 'yar ƙarama ce, an rubuta masa RND4K Q1T1: ƙananan gutsattsari na kilobait huɗu, a warwatse nan da can, umarni ɗaya tak a lokaci guda. A wannan layin SSD na SATA mai kyau yakan ba da wajen megabait 40 a sakan, na NVMe kuma tsakanin 60 da 90. Ashe ninki goma sha uku da ke tsakanin SATA da PCIe 4.0 a layin sama ya dawo ninki biyu, wani lokacin ma bai kai ba.

Dalilin yana cikin yadda aka gina SSD. A ciki ba ma'ajiya ɗaya ba ce, ƙwayoyi ne da yawa masu riƙe bayanai, da ake kira NAND, da aka rataya a kan hanyoyi huɗu ko takwas, sai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa, kontirola, da ke raba musu aiki. Kowace ƙwaya ita kaɗai ba wani sauri na a zo a gani take da shi ba, tana ɗaukar maikurosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) gomomi kafin ta miƙo shafi ɗaya, wato ɗan guntun bayani. Saurin da ake tallatawa yana fitowa ne idan aka sa dukkansu aiki a tare. Babban fayil yana ba da wannan dama, domin an baza shi a kan ƙwayoyi da yawa, kowace ta kawo nata kason lokaci guda. Dogon layin umarni ma haka: kontirola tana da buƙatu talatin a gabanta, sai ta rarraba su. Don wannan ne ma aka ƙirƙiro NVMe a 2011. Tsohon tsarin AHCI da SATA ke bi yana da layi ɗaya mai ɗaukar umarni 32, shi kuwa NVMe ya yarda da layuka sama da dubu sittin da biyar, kowanne mai ɗaukar kusan wannan adadin. A manyan sabobin da ke hidimar dubban mutane a lokaci guda, wannan babban ci gaba ne.

Kwamfutar gida kuwa mutum ɗaya take yi wa aiki, kuma manhajojinta ba su iya cika layi ba. Idan manhaja za ta buɗe, takan karanta ƙaramin fayil na saiti, abin da ta gani a ciki shi zai gaya mata fayil na gaba da za ta nema, shi ma ya nuna mata na gaba. Ba za ta iya aika buƙata ta uku ba sai amsar ta biyu ta dawo. Kamar mai ɗan aike ɗaya ne da ba ya sanin saƙo na gaba sai yaron ya dawo da amsar na farko: ko an faɗaɗa titi ya zama mai hannu goma, abin da ya dame shi shi ne tsawon lokacin da yaron ke ɗauka ya je ya dawo. Yawancin aikin yau da kullum a layin umarni ɗaya zuwa huɗu yake yawo, a nan kuma faɗin hanyar PCIe ba ya ƙara komai. Abin da ke mulki shi ne lokacin jiran kowace amsa.

Ɗan lissafi zai fito da abin fili. Tsohon faifai mai juyawa, HDD, wanda ke zagaye 7,200 a minti, sai allurarsa ta matsa ta kai wurin sannan ta jira faifan ya juyo, abin da ke cin kusan milisakan goma, wato kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, a kowace nema. Ke nan nema ɗari a sakan, ƙasa da rabin megabait idan gutsattsarin kilobait huɗu ne. SSD na SATA mai ba da megabait 40 yana yin nema dubu goma a sakan, kowace a maikurosakan ɗari. Ninki ɗari ke nan, shi ya sa duk wanda ya taɓa cire HDD ya saka SSD, ko mafi arha ne, yake jin kamar sabuwar kwamfuta aka ba shi. Daga SATA zuwa NVMe kuwa, jiran ya sauko ne daga maikurosakan ɗari zuwa hamsin ko sittin. Ci gaba ne, amma an riga an shiga yankin da ɗan Adam ba ya iya rarrabewa sai an tara dubban nema. Abin mamakin shi ne a ma'aunin kwali labarin a juye yake: daga HDD mai megabait 200 a jere zuwa SATA bai kai ninki uku ba, daga SATA zuwa PCIe 4.0 kuma ninki goma sha uku. Wanda ya bi kwali zai raina canjin da ya fi amfani, ya kuma zuba kuɗinsa a wanda ba zai ji ba.

Akwai kuma wani shingen. Lokacin da mutum ke zaune yana kallon allon lodawa ba duka ma'ajiya ke cinye shi ba. Furosesa tana warware bayanan da aka matse, tana shirya hotuna ta miƙa wa katin zane, manhajar kariya daga bairos tana leƙa kowane fayil, wani lokaci ma ana jiran amsa daga intanet. A ce lodawa na cin sakan goma, biyu daga ciki ne na karatu daga SSD. Ko an kawo wanda ya ninka sauri sau biyu, sakan ɗaya kawai za a rage. Ko an kawo wanda ba ya ɓata lokaci sam, sakan takwas suna nan. Masana kwamfuta sun san wannan tun 1967 da sunan dokar Amdahl. A zamanin HDD ma'ajiya ce ke cinye mafi yawan lokacin, SSD na farko ya kawar da wannan kason, abin da ya rage yanzu na wasu sassan ne. Sannan Windows da Linux duk suna riƙe fayilolin da aka buɗe kwanan nan a cikin RAM, don haka buɗewa ta biyu sau da yawa ba ta ma taɓa SSD ɗin.

Wannan duk a ɓangaren karatu ne. Ɓangaren rubutu ya fi rikitarwa, kuma a ganina a nan ne gajeren gwaji ya fi ɓatar da mai saye.

Kowane ɗan gurbi a cikin NAND caji yake riƙewa. Idan bit ɗaya (sifili ko ɗaya) aka ɗora masa, wato SLC, matakai biyu kawai zai bambance, rubutu ya yi sauri. TLC yana ɗaukar bit uku, matakai takwas ke nan, QLC bit huɗu, matakai goma sha shida. Cusa caji daidai a ɗaya daga matakai goma sha shida aiki ne na a hankali. Kusan duk SSD na gida yau TLC ne ko QLC, don haka masu ƙerawa suka fito da dabara: a ware wani yanki na gurabun da ba kowa a ciki a riƙa rubuta musu bit ɗaiɗai kamar SLC, daga baya idan na'urar ta sami sararin hutawa ta kwashe ta mayar cikin TLC ko QLC. Muddin abin da ake rubutawa bai fi wannan yanki na wucin gadi ba, sauri na nan kamar yadda aka yi alkawari. Da ya cika sai a faɗo kan ainihin saurin NAND ɗin.

To, CrystalDiskMark a saitinta na asali fayil na gigabait ɗaya take gwaji da shi, ta maimaita sau biyar. Gigabait ɗaya ba ya ko girgiza yankin wucin gadin. Samsung 870 QVO na terabait ɗaya misali ne mai kyau domin kamfanin da kansa ya buga alƙalumansa: yana rubuta megabait 530 a sakan har zuwa gigabait 42, bayan nan ya sauko zuwa 80. Tamanin ya gaza abin da HDD na kirki ke yi a rubutun jere. A hoton sakamakon gwaji ba za a iya bambance shi da 870 EVO mai TLC ba, sai ranar da aka zo kwafe foldar bidiyo ta gigabait ɗari. SSD na NVMe ma ba su tsira ba. Akwai masu farawa da dubbai su ƙare a 'yan ɗaruruwa, masu kyau kuma su tsaya sama da dubu ɗaya.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne a yawancin na'urori girman wannan yanki ba tsayayye ba ne, daga sararin da ya rage ake yankarsa. Sabon SSD da ba komai a cikinsa yana da yanki mai faɗi, wanda ya cika kashi 90 cikin ɗari kuma ɗan kaɗan ya rage masa. Masu gwaji galibi sabo fil suke gwadawa, mu kuwa da cikakke muke zama shekara da shekaru. Cika yana kawo wata wahalar daban. NAND ba ya yarda a rubuta a kan tsohon rubutu, sai an goge, kuma gogewa ba shafi-shafi ake yi ba, babban rukuni ne mai shafuka ɗaruruwa ake sharewa gaba ɗaya. Idan rukunin na ɗauke da wasu shafuka masu amfani, dole kontirola ta fara kwashe su zuwa wani wuri. Umarnin TRIM, wanda Windows ta fara goyon baya a Windows 7 cikin 2009, yana taimakawa ta hanyar gaya wa SSD shafukan da mai kwamfuta ya riga ya goge fayilolinsu, amma idan sarari ya yi ƙaranci, kwashe-kwashen na ƙaruwa kuma yana faɗowa daidai lokacin da mutum ke aiki. Ɗan tsaikon nan na rabin sakan da linzami ke motsi amma komai ya ƙi amsawa, sau da yawa daga nan yake, kuma matsakaicin sauri ba ya nuna shi. Nema dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara na iya dawowa nan take, ɗaya ta maƙale, matsakaici ya fito tsaf, amma ɗayar nan ita mai kwamfuta ke ji.

Haka batun DRAM, wato ɗan RAM da ake sakawa a cikin SSD ɗin kansa. SSD yana riƙe da taswirar inda kowane bayani yake, wadda girmanta ya kai kusan gigabait ɗaya ga kowane terabait. Masu tsada suna da DRAM nasu na ajiye ta. Masu arha na NVMe suna aron ɗan yanki daga RAM ɗin kwamfuta ta hanyar tsarin HMB da ya shigo da NVMe 1.2 a 2014, kuma ga aikin gida wannan ya wadatar. Na SATA marasa DRAM ba su da wannan hanyar aro, su ne ke shan wahala idan aiki ya yi yawa. Gwajin gigabait ɗaya ɗan guntun taswira kawai yake taɓawa, don haka duk su ukun sai su fito da kamannin juna.

Tarihin wannan kasuwa cike yake da lokutan da gwaji ya nuna abu ɗaya, amfani ya nuna wani. Wajen 2010 zuwa 2012 kontirolar SandForce ta yi tashe, dabararta kuwa ita ce matse bayanai kafin ta rubuta. Manhajar ATTO tana gwaji da bayanai masu sauƙin matsewa, sai lambobi su yi sama, AS SSD mai amfani da bayanan da ba sa matsuwa kuma ta nuna rubutu ya faɗi ƙwarai. Hotuna, bidiyo da sauti duk a matse suke tun asali, don haka lambar AS SSD ce ta fi kusa da abin da mutane ke gani. Na Samsung 840 EVO ya fi wannan koyar da darasi. A 2014 masu amfani da shi suka lura fayilolin da suka yi watanni a ajiye suna karantuwa a hankali ƙwarai, saboda cajin gurabun yana gocewa da lokaci har sai kontirola ta yi ta sake gwada karatu. Manhajojin gwajin da aka saba da su ba su ga komai ba, domin kowacce sabon fayil take rubutawa ta karanta shi nan take. Sai da Samsung ta fitar da gyara a ƙarshen 2014, ta sake fitar da wani a 2015. Sannan a 2021 aka gano wasu kamfanoni suna canja kayan ciki bayan masu sharhi sun gama yabon na'ura, suna kuma barin sunan yadda yake: Crucial P2 ya koma QLC daga TLC, Western Digital kuma ta amsa cewa ta canja NAND ɗin WD Blue SN550. Lambar kan kwali ba ta motsa ba tunda ta yankin wucin gadi ce, saurin bayan cikarsa ne ya zube. Ko ba a canja komai ba, girma kaɗai na raba 'yan gida ɗaya: na gigabait 500 yana da ƙwayoyi kaɗan, don haka sakamakon da aka samu a kan na terabait biyu ba nasa ba ne.

Sauran abubuwan da ke cin sauri a bayyane suke. SSD na PCIe 4.0 da aka soka a ramin PCIe 3.0 zai tsaya a wajen 3,500. Wani ramin M.2, inda ake soka siririn SSD a cikin kwamfuta, hanyoyi biyu kawai gare shi maimakon huɗu, wani SSD ɗin kuma siffar M.2 gare shi amma SATA ne a ciki. Wanda aka saka a akwatin USB mai gigabit 10 ba zai wuce wajen megabait 1,000 ba. Zafi ma na nan: idan kontirola ta haura digiri 70 zuwa 80 da wani abu, gwargwadon na'urar, takan rage gudu da kanta, abin da gwajin minti biyu a buɗaɗɗen akwati mai fanka ba zai nuna ba amma laftof siririya za ta nuna. Na PCIe 5.0 na farko-farko sai da ƙarfen sanyaya suke aiki yadda ya kamata. Kuma kwafa kullum da saurin wanda ya fi rauni take tafiya, ko daga filashi ne ko daga intanet.

Ba ina cewa babbar lambar ba ta da masu ita ba. Mai tace bidiyo mai nauyi, mai kwafe ɗaruruwan gigabait tsakanin NVMe biyu, mai loda manyan fayilolin ƙirƙirarriyar basira cikin RAM, duk karatun jere suke yi kuma suna ganin ribar a agogo. Masu wasanni ma an yi musu alkawari. PlayStation 5 ta zo a 2020 da SSD mai gigabait 5.5 a sakan tare da sashe na musamman mai warware matsi, Microsoft kuma ta kawo DirectStorage kan Windows a 2022 don wasanni su riƙa aika buƙatu da yawa a tare, katin zane ya karɓi aikin warwarewa daga furosesa. Wato ana gyara manhaja ne ta koyi cika layi. Sai dai dole mai rubuta wasan ya gina shi a kan wannan tsari, kuma waɗanda suka yi hakan ba su da yawa.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne Optane, wani nau'in SSD na Intel da ba NAND ke cikinsa ba. Optane 900P megabait 2,500 kawai yake yi a jere, lambar da ko a lokacinsa ba ta burge kowa ba, amma jiransa wajen maikurosakan goma ne, kuma ba ya da yankin wucin gadin da zai cika. A layin ƙasa na CrystalDiskMark ya ninka na NAND sau da yawa. Shi ne na'urar da ta fi dacewa da irin aikin ɗaya-bayan-ɗaya da kwamfutar gida ke yi, amma tsadarsa ta yi yawa, fifikonsa kuma ba ya shiga kwali da manyan haruffa. Intel ta sanar da rufe harkar a 2022.

Wanda zai kwatanta sakamako biyu, farko ya tabbatar manhaja ɗaya ce, siga ɗaya, saiti ɗaya, girman na'ura ɗaya, domin lambar Q32, mai umarni 32 a layi, da ta Q1 ba sa haɗuwa a ma'auni guda, kuma duk sakamakon SATA da ya nuna dubbai to RAM aka auna, kamar yadda yanayin RAPID na manhajar Samsung Magician ke yi. Daga nan ya sauke ido zuwa layin RND4K Q1T1, ya nemi zanen da ke nuna saurin rubutu na tsawon minti goma sha biyar ko fiye don ya ga inda layin ya karye da inda ya tsaya, ya kuma fifita gwajin da aka yi a kan na'urar da aka cika rabi ko fiye. Gwaje-gwajen PCMark 10 da na ma'ajiya a 3DMark sun fi kusa da gaskiya domin sawun ainihin manhajoji da wasanni suke sake kunnawa, ko da yake su ma suna auna kason ma'ajiya ne kawai, ban da na furosesa. Idan kuɗin ɗaya ne kuma zaɓin tsakanin terabait ɗaya na PCIe 5.0 ne da terabait biyu na PCIe 4.0 mai TLC, ni na biyun zan ɗauka wa kwamfutar gida. Fayilolin da za su cika na farkon kashi 90 cikin ɗari ba za su kai rabin na biyun ba, yankinsa na wucin gadi zai kasance da faɗi, kontirolarsa na da sararin share-share, ba ya kuma buƙatar wani babban ƙarfen sanyaya.